Tsami da Kanwa: Amsoshin Tambayoyinku, daga Tukunya har Gona

Wasiƙun wannan karo sun fito daga hannu daban-daban. Akwai ɗalibi, akwai mai awara, akwai manoma da masu sabulu, amma kusan duk a gindin magana ɗaya suke. Shi ya sa muka sa tambayar ɗalibin a gaba, don amsarta za ta riƙa yi mana amfani a sauran. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare. An koya mana cewa asid shi ne mai ba da furoton, bes kuma mai karɓa. Na haddace, amma ban san abin da nake faɗa ba. Sannan in mahaifiyata ta jefa kanwa a zoɓo sai ya yi kumfa ya yi duhu. Ko akwai alaƙa? Daga wani ɗalibi, Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Abin da ke faruwa a tukunyar Mama ai shi ne ainihin abin da ka haddace.

Fara da haidurojin, mafi rashin nauyi cikin ƙwayoyin zarra. Furoton ɗaya gare shi a tsakiya, da ilektoron ɗaya yana kewaye da shi. In ya rabu da ilektoron ɗin, abin da ya rage furoton ne zalla, shi ake rubutawa H+. Wannan ɗan abu ba ya zaman kansa a cikin ruwa. Da ya bar wani sinadari sai ya maƙale a jikin wani. A 1923 Johannes Brønsted na ƙasar Denmak da Thomas Lowry na Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka kafa ma'anar a kan haka: wanda ya saki furoton shi ne asid, wanda ya karɓa shi ne bes. Kamar ciniki ne, babu mai sayarwa sai da mai saye. Ruwa kansa yana yin duka biyun. In ya haɗu da asid sai ya karɓi furoton ya zama H3O+, in kuma ya haɗu da amoniya shi ne ke bayarwa, ya koma OH-.

Inda ɗalibai ke yawan faɗuwa a jarrabawa shi ne cakuɗa ƙarfin asid da yawansa. Mai ƙarfi shi ne wanda da ya shiga ruwa kusan duk ƙwayoyinsa ke sakin furoton, irin asid ɗin cikin ɗan Adam da na batir. Mai rauni kuwa riƙe nasa yake yi, yana saki kaɗan-kaɗan. A ruwan khal, ƙasa da ƙwaya ɗaya cikin 100 ce ta saki nata, sauran suna nan a ajiye, sai an cinye na farko su fito. Tsamiya, lemun tsami, nono da zoɓo duk masu rauni ne, ko da tsaminsu zai kashe haƙori.

Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya fito da shi a Kofanhegan a 1909, yana auna furoton da aka riga aka saka ne. Tsantsar ruwa 7 ne. Ƙasa da haka ɓangaren tsami, sama da haka ɓangaren kanwa, kuma kowane mataki ninki goma ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, nono wajen 4, wato lemun tsami ya ninka nono kusan sau 100. Ruwan kanwa yana wajen 10, ruwan sodar sabulu ya kai 14.

To, kanwa galibinta sodiyam kabonet ce da sodiyam baikabonet. Kabonet na karɓar furoton ɗaya ya zama baikabonet, ya ƙara karɓar na biyu ya zama asid ɗin kabon, shi kuma nan take ya rabu gida biyu: ruwa da iskar kabon dayoksaid. Iskar ce kumfar da ka gani. Jan zoɓo kuwa wani sinadari ne da ake kira antosayanin, wanda launinsa ke bin furoton. In yana riƙe da shi ja ne wur, in an ƙwace sai ya koma shunayya, daga nan shuɗi mai duhu ko kore.

Ga gwajin da za ka yi a gida. Jiƙa busasshen zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a rabin litar ruwan zafi na minti 15, ka tace, ka sirka da ruwa har ya yi ja mai haske da za ka iya hango yatsanka ta cikin kofin gilashi. Raba shi kofi huɗu. Ɗiga lemun tsami a na farko, bar na biyu yadda yake, sa ruwan kanwa a na uku da kaɗan-kaɗan, ruwan toka a na huɗu. Bayan na ukun ya yi duhu, matsa masa lemun tsami: zai yi kumfa, jan ya dawo, don ka mayar masa da furotonsa. In gwajin ya ƙi, kusan kullum zoɓon ne ya yi kauri, tsaminsa na ajiye yana cinye kanwar kafin launi ya motsa. In kuma ka yi amfani da sodar sabulu, launin zai wuce kore ya koma rawaya-rawaya kuma ba zai dawo ba, saboda ta lalata sinadarin gaba ɗaya.

Ka gaya wa Mama abu ɗaya: tsamin nan yana cikin abin da ke tsare zoɓo. Ƙasa da pH 4.6 yawancin ƙwayoyin cuta masu haɗari ba sa iya yaɗuwa. Zoɓon da aka kashe masa tsami da kanwa ba na kwana ba ne, musamman inda babu firji.

Tambaya: Muna sa kanwa a wake don ya yi saurin nuna, maigidana kuma yana jiƙa ta ya sha in ƙwannafi ya taso masa. Akwai illa? Daga wata uwargida, Ɗambatta.

Amsa: Hajiya, na wake da sauƙi, na maigida ne ke buƙatar gyara.

Ƙwayoyin cikin wake manne suke da juna da wani sinadari mai suna fektin. Ruwan kanwa yana tsinka shi, sodiyam ɗinta kuma yana ture kalsiyam da ke ƙara masa tauri, sai wake ya yi laushi da wuri. Tsami akasin haka yake yi, don haka kada tumatir ko tsamiya su shiga tukunya sai wake ya nuna. Haka nan koren kuɓewa da lalo: a tsakiyar sinadarin koren ganye akwai maganiziyam, tsami yana tura furoton biyu su fitar da shi, sai ganye ya dafe. Kanwa tana tare furoton ɗin, miya ta fito shar.

Asarar ita ce kanwa na kashe bitamin B1 da bitamin C, in ta yi yawa kuma abinci ya yi baƙi da ɗanɗanon sabulu. Kwata zuwa rabin ƙaramin cokali na dakakkiyar kanwa ya ishi rabin kilo na wake. A jiƙa ta daban, yashi ya kwanta, a tsiyayi ruwan sama. Jiƙa waken ya kwana ma yana rage buƙatarta.

Game da ƙwannafi, gaskiya ne kanwa na karɓe furoton ɗin asid ɗin ciki, mutum ya yi gyatsa ya ji daɗi. Amma ciki zai sake zubo wani asid, kuma kanwar ba ta da awo. Kusan kashi 30 cikin 100 na tsantsar kanwa sodiyam ne, gishiri kuwa kashi 39, kin ga ba su da nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 2 na sodiyam a rana. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya ya nisance ta. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In ƙwannafin maigida ya wuce mako biyu yana dawowa, ya je a duba shi, don gyambon ciki sau da yawa ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, kuma tana da magani.

Tambaya: Sana'ata awara. Wata rana ta haɗu sumul, wata rana ta ƙi kamawa, wata rana kuma ta yi tsami tana marmashewa a mai, alhali ludayin ruwan tsamin da nake zubawa ɗaya ne. Daga wata mai awara, Gezawa.

Amsa: Malama, ludayin ɗaya ne amma abin da ke cikinsa ba ɗaya ba ne. Ruwan tsamin gasara na kwana biyu da na kwana biyar ba su yi daidai ba, na lokacin zafi da na hunturu ma haka, don ƙananan halittun da ke samar da tsamin sun fi aiki a zafi.

Madarar waken suya tana wajen pH 6.5. A nan ƙwayoyin furotin ɗinta duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, suna ture juna, shi ya sa suke yawo a ruwa. Furoton ɗin ruwan tsami na kashe cajin, sai su rungumi juna su dunƙule. Wajen 4.5 ne suke tsukewa iyakar tsukewa, su matse ruwansu waje, a nan ake samun awara mai tsami mai marmashewa. Mai kyau tana tsayawa tun kafin nan, tsakanin 5.5 da 6.

Ga yadda za ki daidaita. Kilo ɗaya na wake, a jiƙa awa 6 a lokacin zafi, 8 zuwa 10 a sanyi. In ya daɗe a ruwa har ya fara tsami, madarar za ta tsinke tun a kan wuta, awarar ta yi kaɗan. Jimillar ruwan niƙa da tata ya kasance lita 8 zuwa 10. A bar madarar ta tafasa sosai na minti 5 zuwa 10, don furotin ɗin da bai dahu ba ba ya kamawa. Sai a janye wuta, a jira mintoci kaɗan har yana ta fara kwanciya a sama, wato zafin ya sauko wajen digiri 80. Zuba ruwan tsami kashi uku: ki zuba, ki juya a hankali sau biyu ko uku, ki dakata. Idonki ya kasance a kan ruwan da ke tsakanin dunƙulen. In fari ne kamar madara, da saura. Da ya koma garau mai ɗan rawaya, tsaya, ko da akwai ragowa a ludayi. Rufe tukunya minti 10 zuwa 15 kafin ki kwashe a ƙyalle ki danne.

In kin canja rijiya ko burtsatse kika ga awara ta fara ƙin kamawa, wataƙila sabon ruwan yana da baikabonet da yawa, yana shanye tsamin kafin ya kai ga furotin. Haka in tukunyar da aka dafa abu mai kanwa ce ba a wanke ta da kyau ba.

Tambaya: Na gauraya kamfa da yuriya da tokar kara don taki ya yi auki, na ɗan yayyafa ruwa. Sai wani wari mai shiga ido ya taso. Mene ne wannan, kuma takin bai lalace ba? Daga wani manomi, Bunkure.

Amsa: Malam, warin nan kuɗinka ne ke tashi sama. Iskar amoniya ce, wato naitorojin ɗin da ka saya don masara.

Amoniya iska ce, amma in ta karɓi furoton ɗaya sai ta zama amoniyam, wanda ke zama a ruwa ya manne a ƙasa har saiwa ta ɗauka. Bambancinsu furoton ɗaya ne rak. A pH 7 ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ke zama iska. A 9.25 rabi da rabi ne. Ruwan toka kuwa yana kaiwa 10 zuwa 12, saboda haka da ya taɓa amoniyam ɗin da ke cikin kamfa sai ya ƙwace furoton, iska ta tashi. Zafin rana yana ƙara hanzarta abin. Wanda ka riga ka haɗa, ka kai shi gona yau ka binne, kada ya kwana a buhu. Nan gaba a raba toka da takin zamani da mako biyu zuwa uku, toka ta fara shiga ƙasa.

Yuriya ko babu toka tana iya yi maka wannan asarar. In ta sauka a ƙasa mai danshi, wani sinadarin ƙananan halittun ƙasa yana farfasa ta cikin 'yan kwanaki, kuma wannan aikin yana shanye furoton, har gefen kowace ƙwayar taki ya kai wajen pH 9. In a saman ƙasa take, amoniya ta gudu, asarar takan kai kashi 30 cikin 100 ko fiye a zafi irin namu. In a binne take, ƙasar da ke sama tana mayar mata da furoton ta kama ta. Don haka a tona rami mai zurfin santimita 5, nesa da gindin shuka da santimita 5 zuwa 8, a zuba, a rufe. Watsawa sai in da tabbacin ban ruwa ko ruwan sama mai ƙarfi zai biyo baya nan take. Raɓa ko yayyafi sun fi komai muni, suna narkar da takin ba su shigar da shi ba.

Masu shinkafa a Kura da Kadawa su lura da wannan: gansakukar da ke cikin fangali tana shanye kabon dayoksaid da rana, ruwan ya haura pH 9 bayan azahar. Watsa yuriya a ruwa mai zurfi a wannan lokacin ɓarna ce. A rage ruwa ya zama taɓo, a sa taki, a mayar da ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Mai samun dunƙulen yuriya ya cusa shi santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindi huɗu.

Akwai kuma ɓangaren da ba a gani sai an shekara. Amoniyam ɗin da ya zauna a ƙasa, bakteriya na mayar da shi naitiret, kuma kowace ƙwaya tana sakin furoton biyu. Lissafin da masana ƙasa ke aiki da shi shi ne kowane kilo na naitorojin daga yuriya yana barin tsamin da sai kilo 1.8 na garin farar ƙasa zai kashe. Buhu mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitorojin, wato wajen kilo 40 na farar ƙasa ke nan. Takin amoniyam salfet ya ninka haka sau uku a kan kowane kilo na naitorojin. Ƙasar jigawa mai yashi ba ta da yumɓu da ruɓaɓɓen ganye da za su shanye wannan, don haka da sauri take tsami. In ta sauka ƙasa da 5.5, alminiyam ɗin cikin ƙasa yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, takin sufa da ka zuba ya ɗaure ba ya amfani, gyaɗa da wake su kasa yin ƙululun saiwa. A nan toka da takin gida suke da rana, kowanne a lokacinsa.

Tambaya: Gonata ta rani ta fara fitar da fari-fari a sama, alkama tana ƙonewa tsibi-tsibi. An ce in zuba farar ƙasa. Buhu nawa zan sa a eka? Daga wani manomi, Auyo.

Amsa: Ko ɗaya, Alhaji, sai an auna. Abin da ka siffanta bai yi kama da tsami ba, ya fi kama da gishiri ko kanwa, waɗanda ruwan ban ruwa ke tarawa in yana ƙafewa a wuri ba ya wucewa. Farar ƙasa maganin tsami ce, kuma sai ta sami furoton take narkewa. A ƙasar da ta riga ta haura pH 8 za ta zauna ne kawai, toka kuma ƙara dagula lamarin za ta yi.

Iri biyu ne. In gishiri ne kawai, pH ba ya wuce 8.5, ƙasa na shan ruwa yadda ta saba, maganinta a wanke ta da ruwa mai kyau da yawa ya fita ta magudana. In kanwa ce, pH ya wuce 8.5, ƙasa na yin santsi in ta jiƙe, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri fartanya na tsalle. Wannan jifsam take so, wani farin ma'adini, don kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam, sannan a wanke. Yawanci ana maganar tan 2 zuwa 5 a hekta, amma awo ne ke yanke adadi. Duka biyun, in magudanar ruwa a toshe take, kuɗin banza za a kashe. Fara da yashe ta.

Ɗauki ƙasa daga wuri 10 zuwa 15, zurfin santimita 20, na wurin da ya ƙone daban, na wurin lafiya daban. Gauraya kowanne a bokitin roba, shanya a inuwa. Don gwajin gida, awo ɗaya na ƙasa da awo biyu da rabi na tataccen ruwa, a motsa, a jira minti 30, a tsoma takardar pH. Don cikakken awo, malamin gona na hukumar raya aikin gona ta Jigawa (JARDA) ko ta Kano (KNARDA) zai nuna maka hanyar kai rabin kilo ɗakin gwajin ƙasa, irin na Jami'ar Bayero a Kano ko na cibiyar binciken noma ta Samaru.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata tana yin sabulun wanki. Da man alayyadi ya yi tsada sai muka maye gurbinsa da man gyaɗa, awo bai canja ba. Yanzu sabulun yana cin hannu. Daga wasu mata, Birnin Kudu.

Amsa: Iyayenmu mata, kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man alayyadi yana cin wajen giram 175 na busasshiyar soda, manja 142, man gyaɗa 136, man kaɗe 128. Soda tana tsinka ƙwayar mai ta fitar da asid ɗin da ke ciki, nan take ta karɓe furotonsa, abin da ya rage shi ne sabulu. In mai ya ƙare soda ta yi saura, saurar tana nan da ranta a cikin sandar, sai ta ci gaba da aikinta a kan maiƙon fatar mai wanki.

Mu yi lissafin da misali. Giram 600 na manja yana cin giram 85, giram 400 na alayyadi yana cin 70, jimilla 155. Ana rage kashi 5 cikin 100 don a bar ɗan mai, sai ya zama 147, a narka a ruwa giram 330 zuwa 380. Da kuka sa man gyaɗa a madadin alayyadi, giram 400 ɗinsa 54 kawai zai ci, jimilla 139. Kun ga giram 8 na soda ya yi rara a kowane kilo, kuma ɗan man da aka bari ya tafi. Daidai ɗin shi ne wajen 132. Ku sani kuma sabulun man gyaɗa ba ya tauri da kumfa kamar na alayyadi, wannan halin man ne, ƙarin soda ba ya gyara shi.

Ku auna da sikeli, ku bar gwangwani. Sodar da aka bari a buɗe tana shan laimar iska da kabon dayoksaid, ta yi nauyi ƙarfinta kuma ya ragu, sai sabulu ya fito lagwaf yana tsatsafo da mai. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba mata ruwa, don zafin da take fitarwa yana kusa da tafasa. A yi a waje, da safar hannu ta roba da tabarau, a cikin roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Tukunyar dalma da duk wani kwanon alminiyam ba sa shiga wannan aiki, soda na cin su tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. A bar ruwan sodar ya huce, a zuba cikin mai ana juyawa har ya yi kaurin kunu, a zuba a mazubi, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa mako 4 zuwa 6. Wanda ya riga ya ɓaci kuwa a goge shi, a narka da ɗan ruwa a wuta kaɗan, a ƙara wajen giram 110 na mai a kan kowane kilo na man farko, a dafa yana juyuwa har ya haɗe.

Ƙunar soda ta fi ta asid shiga jiki, don narkar da nama take tana nutsawa, kuma da farko santsi kawai ake ji. In ta taɓa fata ko ido, ruwa mai gudu na aƙalla minti 20, ba lemun tsami ba, sannan asibiti in ido ne. Kada a taɓa ajiye ruwan soda a gorar ruwa ko kwalbar lemo, don kamarsa ɗaya da ruwan sha. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko wani abu mai tsami da sunan kashe ta. A garzaya da shi asibiti tare da mazubin.

Tambaya: Ina cajin waya da batirin sola mai ruwa. Ruwan ya ja baya. In ƙara masa asid? Daga wani mai shago, Ɓaɓura.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, tataccen ruwa za ka ƙara. Abin da ke ciki asid ɗin salfa ne wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran ruwa. Ruwan ne ke tafiya, zafi na ƙafar da shi, caji kuma na raba shi ya fita a matsayin iska. Asid ɗin yana nan. In ka ƙara wani sai ya yi kauri ya ci farantan ciki. Ruwan rijiya da na leda ma ba su dace ba, ma'adinansu na lalata batir. Ka tambayi mai sayarwa ya fayyace maka wanne ne a gorar, don asid da tataccen ruwa duka biyun ruwan batir ake ce musu a kasuwa.

In farantan sun fito fili, rufe su da ruwa tukuna, ka yi caji ya cika, sannan ka ƙarasa zuwa layin da aka zana. Ma'aunin kaurin ruwa yana nuna 1.265 zuwa 1.280 a cikakken batir, wajen 1.120 a wanda ya sauka. Garin da ke taruwa a kan sandunan batir, goge shi da babban cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, za ka ga kumfa, amma kada ɗigo ɗaya ya shiga ramukan. Kada a kunna ashana ko taba kusa da batir yana caji. Batirin da aka rufe ruf daga kamfani ba a buɗe shi.

Tambaya: Na haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai don su fi ƙarfi, sai tari ya turnuƙe ni. Daga wata amarya, Wudil.

Amsa: Allah ya tsare gaba, amarya. Yawancin magungunan wanke masai asid ne. Bilic kuwa bes ne, da ya sami furoton da yawa sai ya saki iskar kulorin, mai ƙona huhu. Ruwan khal da lemun tsami ma suna iya jawo haka, haɗa shi da abu mai amoniya kuma wata iskar ce mai guba. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye da ruwa sosai, sannan ɗayan. In hakan ta faru, a fita nan take, a bar ƙofa a buɗe, kada a koma sai warin ya tafi. In tarin ya ƙi tsayawa, ko ƙirji na zafi, ko numfashi na sarƙewa ko da bayan wasu awowi ne, a je asibiti a faɗa musu abubuwan da aka haɗa.